Wurin aikinmu sun ce mu saka manhajarsu a wayoyinmu, in yarda?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don abin ya tsaya mini a rai tun jiya.

Wurin aikinmu sun fito da sabuwar doka. Daga ƙarshen watan nan, duk mai son ya riƙa buɗe imel ɗin ofis ko takardun aiki a wayarsa sai ya saka wata manhaja ta kamfani. Na zauna na karanta takardar da aka ce mu sa wa hannu, sai na ci karo da inda aka rubuta cewa idan waya ta ɓata ko mutum ya bar aiki, suna da ikon goge bayanai daga nesa. Wayar nan da gumina na saye ta. A ciki hotunan 'yata suke tun ranar da aka haife ta, da saƙonnin murya na mahaifina da ya rasu, da manhajar banki, da hirata da maigidana.

Ko ba wannan ba, dama akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Shugaban sashenmu yakan turo saƙo ƙarfe 11 na dare, in bai ga amsa ba ya kira. A da in na ja ƙofar ofis na bar aiki a can. Yanzu a ƙarƙashin matashina yake kwana.

Shin in sa hannu? Kuma ku ya kuke yi da aikin da ke bin ku har gado?

Kwamared_Isa:
Wa alaikumus salam. Kar ki sa hannu, 'yar uwa. In suna son wayar da za su juya yadda suka ga dama, su saya su raba. Wanda bai sayi doki ba ba ya ɗaura masa linzami.

Abu_Safwan:
Hajiya, wannan fannin nake aiki, ni ma na saka wa mutane irin wannan manhajar, don haka bari in warware miki yadda abin yake. Kala biyu ne, kuma bambancinsu babba ne.

Kala na farko, ana miƙa wa kamfani wayar gaba ɗayanta. A nan suna iya ganin jerin manhajojin da ke ciki, su tilasta irin makullin da za ki saka, kuma in suka danna umarni daga ofis wayar ta koma kamar yau aka ɓare ta daga kwali. Wannan an yi shi ne don wayoyin da kamfani ya saya da kuɗinsa, bai kamata a ɗora shi a wayar ma'aikaci ba.

Kala na biyu, ana gina wa aiki ɗakinsa daban a cikin wayar. A Android za ki ga manhajojin aiki ɗauke da alamar 'yar jaka shuɗiya. Abin da ke cikin ɗakin nan kaɗai kamfani ke iko da shi, shi kaɗai kuma za su iya gogewa. Hotunanki da hirarki ba sa kai hannu gare su. iPhone ma tana da tsari makamancinsa tun 2019. Wani abin da mutane ba su sani ba: a Android akwai maɓallin da za ki danna ki kwantar da ɗakin aikin gaba ɗaya, ba saƙon da zai shigo har sai kin tashe shi.

Ki tambaye su a rubuce wanne ne a ciki, kuma ki nemi amsar a rubuce. Amma kafin komai, yau ɗin nan ki kwafi saƙonnin mahaifinki ki ajiye a wani wurin da ba wayar ba. Ko babu kamfani, waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Allah ya jiƙan Baba.

Ummu_Hanan:
Amin, na gode ƙwarai Malam Abu_Safwan. Wallahi ban taɓa tunanin kwafe su ba. Shekara uku suna wuri ɗaya.

Manaja_SB:
Bari in yi magana daga ɗaya ɓangaren, tunda ni ma ina da mutane a ƙarƙashina. Bara wani yaronmu ya manta wayarsa a mota, babu ko makulli a kanta, ga jerin sunayen abokan hulɗarmu da lambobinsu da takardun kwangila duk a ciki. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Da abin ya fita, ba shi za a tuhuma ba, kamfani za a tuhuma. A Turai tun Mayun 2018 akwai dokar kare bayanan mutane ta GDPR, wadda tararta kan kai kashi 4 cikin 100 na kuɗin da kamfani ya samu a shekara. Don haka ba mugunta ce ke sa a nemi wannan manhajar ba.

Batun saƙon dare kuwa, ni ma ina turawa. Lokacin ne kaina ke hutawa in tuna abubuwa. Ban taɓa cewa dole a amsa a take ba.

Malama_Rabi:
Manaja_SB, ranka ya daɗe, ai ba sai ka ce ba. Wanda ke sa hannu a takardar ƙarin girmanka in ya turo saƙo, ko bai ce ka amsa ba zuciyarka ta riga ta tashi. Ka karanta, alama ta nuna ka karanta, sai ka kwana kana juyi: in na yi shiru zai ce raini ne, in na amsa na koya masa cewa ƙarfe 11 ma ana samuna. Imel yana da wurin da za ka tsara lokacin da saƙo zai tafi. Ka rubuta da dare, ka sa ya isa ƙarfe 8 na safe. Kai ka sauke nauyin da ke kanka, shi kuma ya yi barcinsa.

Mu malamai namu ya ma fi haka. Iyaye 40 ne ke da lambata. Wata uwa ta taɓa kirana da asuba don ɗanta ya ɓatar da littafin aikin gida.

Manaja_SB:
Wannan gaskiya ne Malama, na karɓa. Ban taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba.

Ɗalibar_Shari'a:
Wasu ƙasashen har doka suka yi a kai. A Faransa tun 1 ga Janairun 2017 haramun ne shugaba ya tura wa ma'aikaci saƙo bayan an tashi aiki.

Abu_Safwan:
Ƙanwata, ɗan gyara kaɗan. Dokar Faransa ba ta haramta tura saƙo ba. Abin da ta yi shi ne ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da wakilan ma'aikata su tsara yadda za a mutunta lokacin hutu. Wadda ta fi kusa da abin da kika faɗa ita ce ta Fotugal ta ƙarshen 2021, wadda ta ce mai aiki ya guji tuntuɓar ma'aikaci a lokacin hutunsa sai da larura mai ƙarfi, kuma akwai tara.

Ɗalibar_Shari'a:
Haka ne Yaya, na haɗa su biyun ne. Na gode da gyara. Akwai kuma ta Ostareliya da ta fara aiki a Agustan 2024. Ita ta bi ta wata hanyar: shugaba na iya turawa, amma ma'aikaci yana da haƙƙin ƙin dubawa ko amsawa, sai fa in ƙin nasa ya saɓa wa hankali. Ni wannan ta fi burge ni, don ta san akwai ranar da gobara ke tashi da gaske. Tun kafin dokokin nan ma, a 2011 kamfanin Volkswagen ya amince a daina tura imel zuwa wayoyin BlackBerry na wasu ma'aikatansa a Jamus rabin awa bayan tashi, sai rabin awa kafin a koma. Ashe tun ba yau ba aka ga matsalar.

Nas_Mai_Dare:
Ni dai ba zan iya zagin waya ba. Ƙarfe 3 na dare, mara lafiya ya rikice, likitan da ke kan kira yana gida. In ɗauki hoton sakamakon gwaji in tura masa, kafin ya sa takalmi ya riga ya faɗa mini abin da zan fara. Na ga rayukan da wannan minti goman ya ceta, da yardar Allah.

Amma ga inda abin ke damuna. Hoton nan yana zama a wayata, tsakanin hotunan yarana. Wata rana ƙaramin ɗana yana latse-latse sai ga hoton raunin wani bawan Allah, da sunansa a jikin takarda. Na ji kunyar da ban san inda zan sa kaina ba. Mutumin nan bai ba ni izinin kai sirrinsa gidana ba. Tun ranar nake gogewa kafin in bar asibiti. Don haka Ummu_Hanan, in ɗaki na daban ne kamar yadda Abu_Safwan ya bayyana, ni da gudu zan karɓa.

Direba_77:
Ku kuna da shugaban da za ku iya yi wa magana. Ni shugabana manhaja ce. Ita ke ba ni fasinja, ita ke yanke kuɗin tafiya, ita ke ƙirga sau nawa na ƙi karɓar aiki. Watan da ya wuce wani fasinja ya ba ni tauraro ɗaya saboda cunkoson da ba ni na haɗa shi ba. Bayan kwana biyu na wayi gari an rufe asusuna "don bincike". Kwana tara ina rubuta ƙorafi, amsa iri ɗaya ke dawowa, babu ɗan Adam ɗin da zan kalli idonsa in ce ga yadda aka yi. Kwana tara ba ko sisi, ga iyali.

Duk da haka ba zan ɓoye ba, kafin wannan aikin shekara biyu na yi ina zaune. Gaba kura ce, baya sayaki.

Ɗalibar_Shari'a:
Sannu Malam Direba. Irin wannan ne ya kai direbobi kotu a Ingila. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa direbobin Uber da suka shigar da ƙara ma'aikata ne da suka cancanci mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya. Hujjar kotun ita ce abin da ka lissafa: kamfani ke yanke farashi, shi ke sa ido ta hanyar taurari, shi ke hukunta mai ƙin karɓar aiki. Wanda ke da wannan ikon ba zai ce shi dillali ne kawai ba.

Zee_Mai_Ɗinki:
Ni kam waya ce shagona. Ba ni da kuɗin haya lokacin da na fara, sai na riƙa ɗora hoton ɗinkina. Yau mata huɗu ke aiki tare da ni. Kwastoma ta turo awonta, ta turo kuɗi, in aika mata kaya, ba mu taɓa haɗuwa ba. Na karanta yadda M-Pesa ta fara a Kenya a 2007, mutanen da ba su taɓa taka ƙofar banki ba suka fara aika kuɗi da ƙaramar waya mai maɓalli. Duk wanda ya ce waya ba ta ɗaga talaka ba bai zauna da mu ba.

Saƙon dare kuwa ni na jawo wa kaina. In ban amsa ba ta tafi wurin wata. Ba ni da shugaban da zan kai ƙara.

Wani_Bawan_Allah:
Kuna ta maganar aiki, bari in faɗa muku abin da ya same ni, ko wani zai tsira.

Wata Juma'a da yamma na ga wayata ta nuna babu sabis. Na ɗauka matsalar hanyar sadarwa ce, na kashe na kunna, shiru. Na ce gobe na je ofishinsu. Ashe wani ne ya je da bayanaina ya ce layinsa ya ɓata, aka ba shi sabon sim da lambata. Duk lambobin sirrin da banki ke turowa ta saƙo wurinsa suka riƙa zuwa. Kafin wayewar gari ya kwashe abin da na yi shekara huɗu ina tarawa. Da na je, banki ya ce in je wurin kamfanin layi, kamfanin layi ya ce in koma banki.

Abin da ya fi yi mini ciwo, na zauna a daren nan ina kallo hankalina kwance, ban san ana yashe ni ba. In layinka ya ɗauke haka kawai alhali na kusa da kai suna da sabis, kar ka jira gobe. Ari wayar wani ka kira banki a rufe asusu a take.

Malama_Rabi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da mafi alheri.

Kwamared_Isa:
Allah ya musanya. Amma gaskiya sai da sakaci irin wannan ke faruwa. Wataƙila ka taɓa ba wani bayananka.

Abu_Safwan:
A'a Kwamared, kar mu ɗora wa wanda aka zalunta laifi. A Agustan 2019 da wannan dabarar aka ƙwace shafin Jack Dorsey na Twitter, alhali shi ne shugaban kamfanin a lokacin. In an yi wa wannan, waye ba za a yi wa ba? Sunanka da ranar haihuwarka da lambarka suna hannun wurare da yawa da ka taɓa cike takarda, kuma ba kai ke gadin rumbunsu ba.

Asalin matsalar ita ce an mayar da lambar waya katin shaida, alhali ba don haka aka yi ta ba. Wanda ya riƙe lambarka yana iya cewa ya manta kalmar sirrin imel ɗinka, a turo masa. Wanda ya riƙe imel kuma ya riƙe sauran duka. Shi ya sa inda duk aka ba ka zaɓi, ka bar karɓar lambar shiga ta saƙo, ka koma manhajar da ke samar da lambobin a cikin wayar kanta, irin su Google Authenticator. Ka kuma sa wa sim ɗinka lambar sirri, don in an sace wayar kar a zare shi a sa a wata.

Kwamared_Isa:
Na janye maganata. Ka yi haƙuri ɗan uwa, ban kyauta ba.

Zee_Mai_Ɗinki:
Nawa ta WhatsApp aka biyo. Saƙo ya zo daga lambar ƙawata, wai ta yi kuskuren turo wata lamba shida zuwa wayata, in taimaka in mayar mata. Na mayar. Cikin minti ɗaya aka fitar da ni daga asusuna, aka shiga roƙon kwastomomina kuɗi da sunana. Ita ma ashe an riga an ƙwace nata. Biyu sun tura. Na biya su daga aljihuna don sunana ya fi kuɗin. Yanzu na kunna makulli na biyu da ke cikin saitin, mai lamba shida da ni kaɗai na sani. Don Allah duk wanda bai kunna ba ya ajiye karatun nan ya je ya kunna.

Mai_Alƙalami:
A aikin jarida tsoronmu ya wuce nan. Tun 2016 WhatsApp ke rufe saƙo ta yadda ba mai karantawa sai mai aikawa da mai karɓa, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Amma in an shiga wayar kanta, rufin bai da amfani, don ana karantawa ne a inda kai ma kake karantawa. Manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, haka take yi. A 2019 WhatsApp ya kai su kotu kan kutsen da aka yi wa mutum kusan 1,400, kuma a lokacin ta hanyar kiran WhatsApp kawai aka riƙa shiga, ko mutum bai ɗauka ba. A Yulin 2021 ƙungiyar 'yan jarida ta Forbidden Stories da Amnesty International da wasu kafafen yaɗa labarai suka fitar da bincike kan jerin lambobi kusan 50,000 da ake zargin an so leƙa da Pegasus, ciki har da na 'yan jarida da masu fafutuka da shugabannin ƙasashe. Tun daga lokacin in zan gana da wanda ke ba ni labari mai haɗari, a gida nake barin waya. Ba kaina nake ji ba, shi nake ji.

Baba_Mai_Ritaya:
Ɗana, wa zai kashe wannan uban kuɗi don ya ji hirar tsoho irina?

Mai_Alƙalami:
Gaskiyarka Baba, ba kai ake nema da wannan ba. Naka haɗarin ya fi kusa: mai leƙen yatsunka lokacin da kake buɗe waya a cikin jama'a, sannan ya fizge ta. Da lambobi huɗun nan zai canza komai ya kulle ka a waje. Saboda irin wannan satar ne Apple ya ƙara wata kariya a farkon 2024, wadda ke neman fuska ko zanen yatsa kafin a canza muhimman abubuwa in wayar ba ta wurin da ta saba. Sai kuma masu kwaikwayon murya. A 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da fuskokin shugabanninsa na bogi. In an kira ka da muryar jikanka yana kuka yana neman kuɗi, ka kashe, ka kira lambar da ka sani tasa ce.

Direba_77:
Tambaya. Wai gaskiya ne waya na sauraronmu? Ranar nan muna hirar tayar mota da abokina, da dare sai ga tallar taya.

Abu_Safwan:
Malam Direba, ba sa ma bukatar kunne. Wayarka ta san kana tuƙi awa goma a rana, ta san ka tsaya wurin masu gyara, wataƙila abokin naka ya bincika farashin taya kuna zaune wuri ɗaya. Wannan ya ishi mai talla. In kana son ka tabbatar, sababbin wayoyi suna nuna ɗan ɗigo a saman allo duk lokacin da wata manhaja ta kunna makirfo ko kyamara, iPhone tun 2020, Android tun 2021.

Abin da ya fi makirfo tona asiri shi ne wurin da kake. A farkon 2018 aka gano taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana nuna zanen sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, saboda sojoji suna gudu da na'urorinsu a kunne. Ba wanda ya yi kutse, su da kansu suka bayar. Ka shiga saitin ka duba manhajoji nawa ka ba izinin sanin inda kake a kowane lokaci. Za ka tarar har da manhajar fitila.

Ba_Suna:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Kuna maganar kamfani da ɓarayi, ni a cikin gida nawa yake. Maigidana ya sa na kunna masa ganin inda nake, ya ce don tsaro ne. Na yarda da zuciya ɗaya. Yanzu in na tsaya minti ashirin a hanya sai kira ya shigo: me kike yi a nan? Ya san lambar buɗe wayata, ni ban san tasa ba. Ƙanwata ta daina faɗa mini damuwarta ta saƙo don ta san ba ni kaɗai ke karantawa ba. Ban taɓa yin abin kunya ba, amma kullum ji nake kamar wadda ake tuhuma.

Abban_Yara:
'Yar uwa, in babu rami me ya kawo maganar rami? Ni da matata kowa ya san lambar kowa, kuma hankalinmu kwance. Ranar da motarta ta lalace da dare, da wannan taswirar na same ta.

Malama_Rabi:
Abban_Yara, ka sake karanta abin da ta rubuta. Kai ka ce kowa ya san ta kowa. Ita ta ce ya san tata, ba ta san tasa ba. Ba abu ɗaya ba ne. Kuma akwai mutum na uku da ake mantawa: ƙanwar da ta kawo sirrinta ga yayarta, ba ga mijin yayarta ba. Wayar mutum ba sirrinsa kaɗai ke ciki ba, har da amanar duk wanda ya taɓa yi masa magana.

Ba_Suna, ki samu lokacin da ransa ke sanyi ki faɗa masa yadda kiran nan ke sa ki ji, kamar yadda kika faɗa mana. In abin ya ƙi, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa. In kuma ya kai ga tsoro ko barazana, kar ki riƙe shi ke kaɗai.

Abban_Yara:
Ban lura da wannan ba. Amma har yanzu ina ganin tsakanin miji da mata bai kamata a ce akwai makulli ba.

Nas_Mai_Dare:
Ni akwai a tawa, kuma mijina ya san dalili. Sirrin marasa lafiya ba nawa ba ne balle in raba.

Baba_Mai_Ritaya:
'Ya'yana, na karanta duka, a hankali, don idon ya yi rauni. Shekara 35 na yi ina aiki. Wayar ofis tana kan tebur da igiyarta, in ka tashi ka bar ta. In shugaba na son ka da dare sai ya aiko mutum har ƙofar gida, kuma saboda wahalar hakan ba ya aikowa sai abin ya kai. Ina saurayi a 1973 lokacin da Martin Cooper na Motorola ya yi kiran farko da wayar hannu a New York, abu mai nauyin kusan kilo ɗaya. Ba mu ma ji labari ba a lokacin.

Ba zan ce da ta fi yanzu ba. 'Yata tana wata ƙasa, duk mako ina ganin fuskar jikokina, har na ga haƙorin ƙaramar na farko. Mahaifiyata ba ta samu wannan ba, wasiƙa take jira wata biyu. Amma ɗana da ke kusa, in ya zo gaishe ni, rabin zaman kansa a sunkuye yake. In yi magana ya ce "ina ji Baba", yatsa na tafiya. Ba na fushi, na san aiki ne ke bin sa. Sai dai na nesa ta fi shi kallon idona.

Ummu_Hanan 'yata, ki ajiye muryar mahaifinki wuri biyu, ba ɗaya ba.

Ummu_Hanan:
Baba ka sa ni hawaye. Na yi yadda kuka ce, na sa a kwamfuta na kuma tura wa yayana.

Ga yadda ake ciki. Na rubuta wa masu kula da na'urorinmu, suka amsa cewa ɗaki na daban ne ga masu Android, kuma abin da ke ciki kaɗai za su iya gogewa. Na ce to a gyara takardar ta faɗi haka, don yadda take a yanzu cewa ta yi "bayanai" kawai, ba ta bambance ba. Sun ce za su kai maganar sama. Mu shida ne yanzu muka ce sai an gyara za mu sa hannu.

Shugaban sashenmu kuwa na same shi da safe, cikin ladabi na ce in ba gaggawa ba ce zan riƙa amsawa da safe. Ya yi shiru, ya ce shi ma daga sama ake matsa masa, nasa shugaban ƙarfe 12 yake turowa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Daren jiya ya turo ƙarfe 10 da rabi. Ban buɗe ba, amma ban yi barci da wuri ba.

Kwamared_Isa:
Ni har yanzu ina kan bakana, ko an gyara takarda su sayi waya. Batirinki da datarki fa, wa ke biya?

Manaja_SB:
Kwamared, in an raba waya ta biyu, mutane cewa za su yi an ɗora musu kaya. Mun gwada, rabi a aljihun tebur suke barin ta. Ni dai tun shekaranjiya na fara tsara saƙonnina su isa da safe. Abu ɗaya na lura, wasu in na sake karantawa da safe sai in ga ba su ma cancanci turawa ba.

Zee_Mai_Ɗinki:
Abu_Safwan, mu da ba mu da kamfani fa? Akwai yadda zan raba kwastomomi da 'yan uwa a waya ɗaya? Jiya saura kaɗan in tura wa wata kwastoma hoton da na yi niyyar tura wa mahaifiyata.

Abu_Safwan:
Akwai, Hajiya. Ki samu layi na biyu ki buɗe WhatsApp Business da shi, yana zama a waya ɗaya da na gida ba tare da sun haɗu ba. A ciki za ki iya rubuta lokutan aikinki, ki kuma saita amsar da za ta riƙa tafiya da kanta in an turo bayan kin rufe. Wace irin waya ce a hannunki? In kin faɗa mini sai in nuna miki inda za ki shiga.